Yadda Ake Zaɓen Hedfon Mai Girgiza na Wasan Gem, da Haɗa Shi, da Saita Shi

Yawancin hedfon masu girgiza ba daga wasan suke karɓar umarni ba. Sautin da ke shigowa suke tacewa, su ware amon ƙasa, wato bes ɗin da ke tsakanin hertz 20 zuwa wajen 200 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), su tura shi ga wani ɗan inji da ke cikin kowane kofin kunne, shi kuma ya riƙa bugawa a gefen kanka. Fashewar gurneti a Call of Duty, rugugin injin mota a GTA V, dukan ganga a waƙa, duk a wannan yankin suke. Saboda haka duk abin da ya taɓa bes ya taɓa girgizar: irin wayar da aka jona, saitin ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage kowane yanki na sauti, har da soson kunne idan ya lotsa. Sau da yawa ƙorafin da ake kaiwa wurin masu gyara daga nan yake tasowa, ba daga lalacewar injin ba.

Abin da ke cikin kofin kunnen

Iri biyu za ka tarar. Masu araha, waɗanda suke zuwa da fitilu ja da shuɗi da rubutun 7.1 a jikin kwali, da yawansu ƙaramin moto ne a ciki mai juya ƙarfen da nauyinsa ya karkata gefe guda, irin na tsohuwar wayar hannu. Sai ya ɗauki gudu kafin ka ji shi, kuma ba ya tsayawa nan take. Shi ya sa za a yi harbi a allo, girgizar ta biyo baya, ta kuma zarce bayan an gama. Ba ya bambanta bindiga da tsawa, kuka ɗaya yake yi wa kowa.

Iri na biyu maganaɗisu ne da koyil, suna tura wani nauyi gaba da baya daidai da yadda sautin yake hawa da sauka. Wannan yana tashi nan take, ya tsaya nan take, kuma kowane kunne da nasa, don haka bam ɗin da ya tashi ta hagu a hagu za ka ji shi. Razer Nari Ultimate na 2018 da irin wannan ya zo, ya fito a kan dala 200. Corsair HS60 Haptic ya biyo a 2020, sai Razer Kraken V3 HyperSense mai waya da Kraken V3 Pro marar waya, sai Kaira Pro HyperSense da aka yi wa masu PlayStation. Kraken V4 Pro na 2024, da ya fito a kan dala 400, shi ne wanda wasu wasanni ke iya aika wa girgiza ta musamman ta manhajar kamfanin, amma a sauran wasannin shi ma sautin yake bi. Akwai kuma Skullcandy Crusher Evo, wanda asalinsa na jin waƙa ne, amma masu wasa a waya suna sayensa saboda ɗan maɓallin da ake ja sama da ƙasa don ƙara bugun.

Idan kuɗinka bai kai na iri na biyu ba, hedfon mai kyawun sauti marar girgiza ya fi maka amfani a kan mai moto.

Fara da na'urar da kake wasa a kanta

A nan mutane suka fi asarar kuɗi. Girgiza tana cin wuta, kuma ramin sauti na 3.5mm ba ya ba da wutar da za ta ishe ta. Dole hedfon ya samu wuta ta USB ko daga batirinsa. Masu araha da ke zuwa da kai biyu, ɗaya siriri ɗaya USB, siririn sauti yake ɗauka, na USB kuma shi ke kunna fitila da girgiza. Ka jona siririn kaɗai a waya, za ka ji sauti amma babu girgiza.

Mai kwamfuta ko laftof ba shi da matsala, kusan kowanne zai yi. HS60 Haptic ma don kwamfuta kaɗai aka yi shi, kada mai PlayStation ya saya da zaton zai yi masa. PS4 da PS5 suna karɓar hedfon na USB da mai dongul, wato ɗan makalin da ake sokawa a ramin USB ya haɗa ba tare da waya ba, amma ba sa karɓar sautin Bluetooth na hedfon gama-gari kai tsaye. Xbox ya fi kowa tsauri: hedfon na USB da ba a yi shi don Xbox ba ba zai yi magana a kansa ba, sai dai ka bi ta ramin 3.5mm na jikin fad, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan.

Mai wasa a wayar hannu, wanda shi ne mafi yawa a Bauchi tun daga ɗaliban Yelwa da Gwallameji har samarin unguwa masu PUBG Mobile da Free Fire, zaɓinsa uku ne. Bluetooth shi ne mafi sauƙi kuma mafi rauni, domin sauti kan makara da milisakan 150 zuwa 200 ko fiye, girgizar kuma bayan sautin take bi. A kallon fim ba ka lura, domin manhajar tana jinkirta hoton ya dace, amma a wasan harbi an riga an kwantar da kai kafin ka ji tafiyar wanda ya harbe ka. Dongul mai kan USB-C yana rage jinkirin zuwa 'yan milisakan goma-goma. Hedfon mai waya kuwa ba shi da jinkirin da kunne zai kama. Idan hedfon na USB babba ne, kana buƙatar mahaɗin OTG, wato ɗan mahaɗin da ke ba wayar hannu ramin USB babba, sai dai ka sani ba kowace waya ce ke fitar da wutar da za ta riƙe girgiza ba, kuma wadda ta riƙe batirinta zai zube da wuri.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Sabbin waɗannan hedfon ba kasafai ake samunsu a shagunan kewayen Wunti ba. Yawanci odarsu ake yi daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas, kuma da yawa na hannu ne. In dai na hannu ne, ka ƙulla da mai sayarwa tun farko cewa gwaji ne zai yanke ciniki. Ka sauke manhajar da ke fitar da amo tsantsa a wayarka ko laftof tun daga gida, irin wadda kake rubuta mata adadin hertz ta yi kukansa.

1. Kashe girgizar gaba ɗaya, ka saurari magana ko waƙar da ka sani sosai. Idan sautin ya dushe ko ya yi ƙarfe-ƙarfe a wannan hali, girgiza ba za ta gyara shi ba.
2. Kunna girgizar a matsakaici, ka sa amon hertz 40, sannan 60, 100, 150. Ya kamata bugun ya canja kama a kowane mataki, daga mai nauyi a hankali zuwa mai sauri siriri. In iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, moto ne a ciki ko me aka rubuta a kwali.
3. Tura amon zuwa hagu kaɗai, sannan dama kaɗai. Gefe ɗaya ya mutu ko ya yi rauni, ka ajiye shi.
4. A hertz 60 ka ƙure girgizar, ka kasa kunne ga ƙarar kwarakwar. Wannan alama ce ta noti da ya kwance ko roba da ta tsage a ciki.
5. Lanƙwasa wayar hedfon a wuyanta, kusa da kofin kunne da kusa da kan USB, sauti yana tafiya. Idan ya yanke ya dawo, wayar ta kusa tsinkewa daga ciki.
6. Yi rikodin muryarka na daƙiƙa 20 girgiza tana aiki, ka saurara.

Ga hedfon marar waya, ka tabbata dongul ɗinsa na asali yana nan. Kowane samfuri da irin nasa, kuma samun na maye a nan wahala ne; hedfon marar dongul ko a rabin kuɗi ya yi tsada. Batiri kuwa ba ya gwaduwa a tsaye a shago, sai ka nemi a ba ka kwana ɗaya. Abin aunawa shi ne alƙaluman kamfani lokacin yana sabo: Nari Ultimate awa 8 da girgiza da fitila, awa 20 in an kashe su, Kraken V3 Pro awa 11 da kuma 44. Na hannun da ya ba ka rabin wannan bai yi laifi ba. Wanda ya mutu cikin awa ɗaya batirinsa ya gama.

Ka kuma bar shi a kanka na minti goma ko fiye. Injin girgiza nauyi ne da shi, Nari Ultimate ya haura gram 400, kuma abin da ba ka ji ba a minti na farko wuyanka zai gaya maka bayan awa biyu.

Haɗawa

A kwamfuta, soka shi kai tsaye a jikinta, ba ta mahaɗin USB mai rami huɗu marar wutar kansa ba. Ramin USB 2.0 miliamf 500 yake bayarwa, na 3.0 mai shuɗin harshe 900, kuma idan linzami da allon rubutu da fanka suna rabon rami ɗaya da hedfon, da bam ya tashi girgizar ta ja wuta sai sautin ya ɗauke. Ga hedfon mai waya, ramin 3.0 ya fi. Ga dongul kuwa akasin haka ne: ramukan USB 3.0 da faifan ajiya da aka jona musu suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4GHz, don haka sa dongul a ramin 2.0, ko ka nisanta shi da gajeriyar wayar ƙari ya leƙo saman tebur.

Daga nan shiga Settings na Windows, System, Sound, ka zaɓi hedfon a matsayin mafitar sauti da kuma makirfo. Wasu hedfon, kamar Nari, suna bayyana da suna biyu, ɗaya Game ɗaya Chat. Game za ka ba Windows da wasan, Chat kuma ka ba manhajar hira irin su Discord. Wanda ya juya su zai ji sauti siriri marar bes, ya ɗauka girgizar ta lalace. Sai ka sauke manhajar kamfanin, Synapse ga Razer, iCUE ga Corsair. Idan ta ce akwai sabuntawar da za a yi wa hedfon kansa, kada ka fara sai laftof yana da caji ko kwamfuta tana kan inbata. Wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, hedfon na iya ƙin tashi daga nan.

A PS5, soka dongul ko wayar, ka shiga Settings, Sound, Audio Output, ka zaɓe shi, ka tabbata duk sautin wasan ake turo masa ba na hira kaɗai ba. A nan babu manhajar kamfani, maɓallin jikin hedfon shi ne abin saitinka. A Kraken V3 maɓalli ɗaya ne ke zagayawa tsakanin ƙasa, matsakaici, sama da kashewa. A HS60 Haptic ɗan gargare ne ake murzawa.

A waya, in ta ƙi ganin hedfon ta OTG, duba saitin wayar. Wasu samfuran suna kashe OTG da kansu bayan 'yan mintoci ba a yi amfani da shi ba, sai an sake kunnawa da hannu.

Saitin girgizar, inda aikin yake

Kowa da ya sayi sabo ƙure shi yake yi. Kwana biyu ya ce yana sa masa ciwon kai, ko ya ce tun da ya saya ake cin sa a wasa. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma dalilin ɗaya ne. Kunnen mutum idan amo mai nauyi ya cika shi, yana danne ƙananan sautukan da ke kusa. Takun abokin gaba, ƙarar canja harsashi, buɗe ƙofa a bene na sama, waɗannan ne ke ba ka nasara, kuma su ne bugu mai ƙarfi ke binnewa.

Bi wannan tsari. Kashe girgizar tukuna. Mayar da ikwalaiza miƙaƙƙe, kowane layi a sifiri, ka kashe duk wani ƙarin bes na Windows, na waya ko na manhajar kamfani. Dalili shi ne a hedfon da yawa abin da ka ƙara wa bes kai tsaye yake ƙara wa injin, sai ka wayi gari har muryar mai sharhi tana kaɗa maka kai. Daidaita ƙarar sauti zuwa inda kake jin komai sarai ba tare da ya dame ka ba. Sai yanzu ka kunna girgiza a mataki mafi ƙasa, ka shiga filin atisaye na wasan, ka yi harbi ɗaiɗai, ka jefa gurneti, ka yi gudu. Abin da kake nema shi ne gurneti ya buga, harbi ya ɗan taɓa ka, gudu da magana kuma kada su motsa komai. Ƙara mataki ɗaya. Da zarar takunka ya fara girgiza kai, ka wuce gona da iri, koma baya.

Sannan ka shiga saitin sauti na cikin wasan ka rage kiɗa zuwa kashi 20 ko ka kashe shi. Injin bai san bambancin gangar kiɗa da bam ba, kuma idan kiɗa yana kaɗa shi ba tsayawa, fatarka za ta saba, ta daina lura da bugun da ke da ma'ana. Inda wasan ya ba da zaɓin nau'in mafita, zaɓi na hedfon. Kada ka haɗa sautin kewaye biyu a lokaci guda, misali na wasan da na THX ko Windows Sonic. Ɗaya ya isa, biyu suna rikita maka gabas da yamma.

Daga nan sai a bi irin wasan. A gasar harbi, PUBG, Call of Duty, Free Fire, ƙasa-ƙasa ko a kashe. Idan kana da ikwalaiza, rage yankin hertz 60 zuwa 125 da desibel 2 ko 3, ka ɗaga na 2,000 zuwa 4,000 da kamar haka, takun zai fito fili. A tseren mota da wasannin labari irin su GTA V da God of War, nan ne kuɗinka ke fita: matsakaici ko sama, ka ji injin yana canja giya a ƙashin kai. A ƙwallo, EA Sports FC ko eFootball, babu abin da za ka samu sai gurnanin 'yan kallo, kashe shi ka adana batiri. Synapse da iCUE suna ba ka damar ajiye saiti daban ga kowane wasa, ka yi sau ɗaya ka huta.

Mai sa tabarau ya lura: ƙafar gilashin tana ɗaukar bugun ta kai shi hanci, hoto ya riƙa rawa. Tana kuma buɗe 'yar kafa tsakanin soso da fata inda bes ke zurarewa. Ɗaga ƙafafun su hau saman soson kaɗan, ko ka rage mataki ɗaya.

Idan abu ya ƙi

Sauti yana zuwa, girgiza babu: duba ko USB ɗin yana jone ko hedfon yana kunne, sannan ka ƙara sautin daga na'urar. Idan sautin kwamfuta yana kashi 15, siginar da ke isa injin ba ta kai ta motsa shi ba. Ɗaga na na'urar, ka rage da gargaren jikin hedfon in yana da nasa daban.

Abokan wasa suna cewa suna jin gurnani a muryarka: bugun ne ke bi ta robar kofin ya gangara sandar makirfo. Rage girgizar, ka matso da makirfon kamar yatsa biyu daga gefen baki, ka rage masa ƙarfin ɗauka, ka kunna mai tace hayaniya a manhajar hira.

Zuuu marar yankewa idan laftof yana caji, musamman a kan janareta: wannan daga caja ne da rashin wayar ƙasa a soket, ya fi kama masu kai biyu da ke bin 3.5mm da USB tare. Cire caja ka ji; in ya ɗauke, ka gano shi. Maganinsa mai sauƙi shi ne ka ciyar da kan USB ɗin daga fawa bank maimakon laftof.

Bugun ya yi rauni a hankali cikin watanni: kafin ka zargi injin, dubi soson. Wanda ya lotsa ba ya manne wa kai, kuma girgiza sai da mannewa take ratsawa. Sabon soso na samfurin yakan dawo da shi yadda yake.

Zafi, ƙura da wuta

A Maris da Afrilu zafin Bauchi yana kaiwa digiri 40, kuma batirin lithium ba a son a yi cajinsa sama da digiri 45. Ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana ko cikin mota a rufe yana wuce haka. Yi caji da safe ko da dare, kada kuma ka bar shi jone kwana da kwanaki. Caja ta bolt 5 mai kyau ta isa. Lokacin da ake kawo wuta ana ɗaukewa, caji daga fawa bank ya fi aminci a kan soket, domin tsallen da wuta ke yi idan ta dawo shi ke ƙona ƙananan allunan ciki. In za ka ajiye shi na makonni, bar shi da kusan rabin caji.

Gumi shi ne ajalin fatar roba da ke kan soso. Gishirinsa ke sa ta tsage ta riƙa barin baƙin ɓawo a kunne. Goge ta da tsumma mai ɗan danshi bayan kowane dogon wasa, ka bar ta ta sha iska a inuwa. Kada ka sa mata sifirit ko turare, suna busar da ita. A hunturu kuma ƙura ce ke shiga gargaren sauti har ya fara ƙarar yashi idan an murza, ta kuma toshe ramin caji. Ajiye shi a jaka mai zif, ka riƙa share ramin da busasshen buroshin haƙori, ba da allura ba.

Kunnenka ma yana da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako, na yara 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A nan girgiza tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: tunda fata tana jin nauyin fashewar, ba ka buƙatar ƙure sauti don ka ji daɗinsa. Tsaya a kashi 60 ko ƙasa, ka cire shi na 'yan mintoci duk awa. Idan ka cire kana jin kunne yana ƙara ko magana ta dushe, sautin ya yi yawa, kuma in ya kwana bai daina ba a ga likitan kunne. Mai yawan ciwon kai ko jiri ya fara da mataki mafi ƙasa na ɗan lokaci kaɗan.

Masu shagon gem da ke son sa wa kwastomomi irin wannan su zaɓi mai waya ta USB, ba mai batiri da dongul ba, domin dongul ƙarami ne, aljihu yake shiga. A ɗaure wayar a ƙafar tebur da ɗan rara yadda in an fizga ba kan USB ne zai ji ba, a sa wa soson rigar yadi mai cirewa, a tanadi biyu ga kowane hedfon, ɗaya tana kai ɗaya tana wanki.